Motar da Mai Makaranta Ya Hana 'Yarsa Shiga

Akwai wani mai makarantar kuɗi da ake yi wa laƙabi da Alhaji Ba-Komai, don duk abin da aka kawo masa ƙara, amsarsa ke nan.

Yana da wata tsohuwar bas da ke ɗaukar ɗalibai. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, kujerar mutum biyu kuwa yara biyar ake cusawa. Direba ya sha gaya masa birki ba ya kamawa sai an taka an sake takawa.

"Ba komai, ka riƙa tafiya a hankali," in ji shi.

Ana nan sai majalisar jiha ta kawo ƙudirin gyara dokar motocin makaranta: kowane yaro da kujerarsa, kuma a riƙa duba birki da tayoyi ba tare da sanarwa ba. Aka sa ranar jin ra'ayin jama'a.

Hankalin Alhaji ya tashi. Ya tara iyaye, ya marairaice, ya ce in dokar nan ta wuce dole ya ƙara kuɗin makaranta. Ya rantse bas ɗin lafiyarta ƙalau. Talakawa bayin Allah suka yarda za su je su yi adawa da dokar da aka kawo don 'ya'yansu. Ku ji rashin imani!

Ranar taron, ya sa a kwashi iyaye da yaransu a bas ɗin. Shi kuma ya tsaya jikin motarsa mai sanyi yana waya.

'Yarsa auta ta hango ƙawayenta a ciki, ta zame ta haye. Direba ya tayar da mota ke nan, sai Alhaji ya hango ta ta taga. Ya yar da waya, ya ruga, ya fizgo ta.

"Ke, kin haukace? Motar da ba ta da birki za ki shiga? So kike ki kashe ni?"



Wata mai ɗinki, wadda 'yan biyunta ke shiga motar kullum, ta sauko ta nufo shi.

"Alhaji, maimaita mu ji. Ba birki? To namu 'ya'yan a bola muka tsinto su?"

 Iyaye suka sauko da yaransu ɗaya bayan ɗaya, suka tafi majalisar a ƙafa. Mai ɗinkin ce ta fara karɓar makirufo, ta faɗi abin da kunnenta ya ji, ta ce a zartar da dokar.

Darasi: Abin da ba za ka yarda ɗanka ya shiga ba, kada ka saka ɗan wani a ciki. Iyaye, ku leƙa motar da ke ɗaukar yaranku da idonku. Ku tura wa wasu, wataƙila ku ceci rai.