Faifan da Kaumi Bai Rufe Ba

Akwai wani matashi a Potiskum mai suna Kaumi, yana aikin ɗaukar bidiyo a shagon Oga Oche, wani mutumin Binuwai, a unguwar Bolewa. Biki ko suna, Kaumi zai ɗauko a kaset, ya dawo shago ya juye a faifai da injin Oga.

Hannunsa yana da kyau, kuma ya san da haka. Abin da ya ja masa ke nan.

Oga Oche dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta.

"Kaumi, in ka gama juyewa, ka rufe faifai. Minti uku ne kawai. Faifan da ba a rufe ba, injin da ya buga shi kaɗai yake iya karanta shi. Ka rufe, ka gwada a tsohuwar na'urar can. Kafin nan kar ka taɓa kaset."

"Oga, ka faɗa jiya, ka faɗa shekaranjiya. Ni fa ba yau na fara ba."

"Shi ya sa nake jin tsoronka."

Ana nan sai Babakura, abokin Kaumi tun na yarinta, ya yi sunan 'yarsa ta fari. Kaumi ya ɗauka masa kyauta. A wurin, Babakura ya rungumi jaririyar ya zauna gefen mahaifiyarsa, Ya Kellu, yana tsokanarta wai hancinta yarinyar ta ɗauko, sai dai a yi haƙuri. Tsohuwa ta kai masa duka da mafici, gida ya cika da dariya. Duk ya shiga kaset.

Bayan kwana biyu Babakura ya zo karɓa. Lokacin dokar hana fita ce, ƙarfe shida ta gabato, mai keke napep da ya kawo shi yana ta danna hon a waje. Inji ya gama juyewa, saura rufewa.

"Mai hoto, ko sai yarinyar ta yi aure za ka ba ni?"

Kaumi ya yi dariya, ya zare faifan ya miƙa masa. A ransa ya ce gobe zai karɓo ya rufe, ai unguwarsu ba wuta, ba yau za su kalla ba. Washegari aka kira shi biki a Gadaka, kaset ya yi masa ƙaranci, ya ɗora sabon biki a kan na sunan.

Bai je ya karɓo ba. Bayan sati ɗaya 'yan bindiga suka tare hanya, Babakura yana cikin waɗanda ba su dawo gida ba. A cikin watan ne kuma Oga Oche ya kwashe iyalinsa da injinsa ya koma garinsu, Otukpo.

Da aka yi arba'in, Meram, matar marigayin, ta zo da faifan a naɗe cikin ɗankwali.

"Kaumi, abin nan ya ƙi. Na'ura cewa take ba komai a ciki. Ya Kellu ba ta iya cin abinci, muryarsa kawai take so ta ji."

Kaumi ya ɗaga faifan a haske, ya ga zoben da ya yi duhu inda injin ya buga. Abokinsa yana ciki, ƙofa ce kawai babu. Amma faɗin gaskiya yana nufin ya ce shi ya shafe kaset da hannunsa. Sai ya mayar mata da faifan.

"Na'urarku ce ta tsufa. Ku gwada wata."

Ta gwada. Duk gidan da aka tayar da janareta, Meram za ta yi sallama, tsohuwa na bin ta da sanda. A saka, a jira, a cire. Wata huɗu ana haka. Kaumi ya daina bi ta layinsu.

Wata safiya Ya Kellu ta aika a kira shi. Ya tarar da ita a kwance, ta rame.

"Ɗana, na ji ka daina zuwa. Kar ka sa abin nan a ranka. Kai kyauta ka yi mana, Allah ya yi maka albarka. Wataƙila ba rabona ba ne in ƙara jin sa."

Albarkar nan ce ya kasa ɗauka. Yana fita ya kira Oga Oche.

"Oga, ban rufe ba."

"Kaset fa?"

"Na ɗora wani a kai."

Oga ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Wata huɗu."

"Injin yana nan, ban sayar ba. Kamo hanya yau, ɗan'uwana."

Kwana biyu ya yi a mota, shinge bayan shinge, faifan a aljihun ƙirjinsa. Oga Oche ya saka shi a inji, ya danna maɓalli ɗaya. Minti uku. Suka gwada a tsohuwar na'ura, sai ga Babakura yana kauce wa mafici yana dariya. Oga ya cire hularsa. Bai yi masa faɗa ba. Ya buga masa guda biyar a hankali, ba da gudu ba, kowanne ya rufe ya gwada.

Kaumi ya dawo ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ya Kellu ta rasu tun jiya da hantsi.

Bayan sadakar bakwai ya durƙusa gaban Meram ya faɗa mata komai. Ta saka faifan, yarinyar na kan cinyarta, ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Minti ukun na yafe, kowa yana kuskure. Amma da ka faɗa mini ranar da na zo, da ta ji shi."

Har yau Kaumi yana buga faifai. In ya zo rufewa sai ya ɗora hannu a gwiwa ya zauna. Ko wa ya yi masa magana, ba ya amsawa sai minti ukun sun cika.

Darasi: Ka kammala aikin da aka ba ka amana, ka gwada shi kafin ya bar hannunka, kar ka shafe na asali sai ka tabbatar. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi a ranar, tun mai haƙƙi yana da rai. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani, ku sa mamatanmu a addu'a.