Rabin Igiya

An ce wai a wani zamani, a garin Tudun Faru, an yi wasu masu haƙar rijiya biyu, Nomau da Hashimu. Nomau ne yake shiga rami, Hashimu kuwa yana sama yana riƙe masa igiya. Haka suka yi shekaru, har gari ya ɗora musu haƙar sabuwar rijiya, domin tsohuwar ta ƙafe, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa.

Aiki ya yi nisa, ƙasa ta fara laima, sai wata safiya Nomau ya ce shi ba zai ƙara shiga ba muddin Hashimu ne a sama. Dalili kuwa, Jatau mai tallar goro ya zo ya gaya masa cewa ya ji Hashimu a rumfar wanzami yana cewa, "Wani lokaci sai in ji kamar in saki igiyar nan." Kafin azahar zancen ya zagaye kasuwa. Aiki ya tsaya, ƙishi bai tsaya ba, sai aka kai maganar gaban Alƙali Zubairu.

Alƙali ya dubi Hashimu ya ce, "Ka faɗi haka?"

"Na faɗa, Allah ya gafarta malam."

Jatau ya gyara zama ya ce, "To, kun ji. Ni ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Abin da kunnena ya ji shi bakina ya faɗa."

Alƙali bai yi gaggawa ba. Ya sa aka kira wanzamin, ya tambaye shi ko a nan zancen ya ƙare. Wanzami ya ce, "A'a, malam. Cewa ya yi tafin hannunsa ya tsage, har wani lokaci yakan ji kamar ya saki. Sannan ya ce, shi ya sa yake naɗe igiyar a ƙugunsa, don in hannu ya gaza, sai dai su faɗa tare."

Alƙali ya ce Hashimu ya ɗage rigarsa. Sai ga tabon igiya ya zagaye masa ƙugu, wani ya warke, wani ɗanye. Nomau bai taɓa sanin haka ba, domin wanda yake cikin rami ba ya ganin abin da na sama yake yi. Ya sunkuyar da kai.

Jatau ya ce, "Duk da haka dai ban ƙara ko kalma ɗaya ba."

"Gaskiya ne," in ji alƙali. "Ba ka ƙara ba. Ku tashi mu je bakin rijiya."

Da suka isa, ya sa aka ɗauko igiyar aikin, aka ninka ta biyu, aka yanke. Ya miƙa wa Jatau rabi ya ce, "Ɗaura. Yau kai za ka sauka ka dubo mana ko an kusa ruwa."

Jatau ya leƙa ramin, ya dubi igiyar ya ce, "Malam, ai wannan ba za ta kai ƙasa ba."

"Igiyar ƙarya ce?"

"A'a."

"Mun ƙara mata wani abu da ba nata ba?"

"Ba ku ƙara ba, amma kun rage."

Wata tsohuwa da ke tsaye da tulu ta ce, "Sauka mana, mai goro, ai ta gaske ce." Jama'a suka yi dariya, alƙali ya ɗaga hannu suka yi shiru.

Ya ce, "Jatau, ba zan jefa ka a rami ba, ba zan kuma kira ka maƙaryaci ba. Amma ka sani, addini bai tsaya a tambayar ko abin da ka faɗa gaskiya ne ba. Yana kuma tambaya: ka faɗe shi cikakke? Me ka nufa da shi? Wa ya amfana? Ɗan'uwanka ya yi kukan gajiya a wurin da ya sake da mutane, kai kuwa ka tsinci ɓangaren da zai raba, ka bar wanda zai haɗa. Wannan shi ne annamimanci, kuma sau da yawa da gaskiya ake yinsa. Ga hukuncinka. Duk rumfar da ka kai rabin farko, ka koma ka kai mata rabin da ka bari. In ka gama, ka zo ka tufka sabuwar igiya da hannunka, ka kama ta tare da Hashimu har ran da ruwa zai fito."

Haka aka yi. Jatau ya bi kasuwa rumfa rumfa, ya gane cewa rabin na biyu bai da saurin tafiya kamar na farko. Da aka kawo sabuwar igiya, Nomau ya ɗaura, ya dubi Hashimu ya ce, "Abokina, ka bar naɗe ta a ƙugu."

Hashimu ya ce, "Kai dai sauka, na sama ba ruwanka da shi."

Nomau ya sauka, ba a daɗe ba garin ya sha ruwa.

Saboda haka, ɗalibi, kafin ka ɗauki maganar wani ka kai wa wani, auna tsawonta. In ba za ka kai ta har inda mai ita ya ajiye ba, bar ta a inda ka ji ta, domin akwai ran mutum a rataye a ƙarshenta.