Takalman Marwa a Bakin Magaza

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Kona. Ba zan faɗi sunanshi ba, don yana raye, uwarshi ma tana raye. Sana'arshi wake. Da kaka yakan saya ya cika magaza, wato ɗakin ajiya, ya jefa ƙwayar maganin ƙwari da muke ce wa bom, ya toshe kowace kafa da tsumma, ya jira bazara. Mutum ne mai sallah a sahun gaba. Ba wanda ya taɓa jin ya ci haƙƙin wani a kan mudu.

Ya auri wata yarinya, Zuhura, suka haifi ɗiya mace, Marwa. Zama bai yi daɗi ba, ya sake ta. Marwa ta tashi a hannun uwarta. Da ta cika shekara bakwai, Zuhura kuma ta yi wani aure a Tasawa, sai ya ce a ba shi ɗiyarshi kamar yadda al'ada ta saba. Magana ta kai jastis. Alƙali ya saurari kowa, ya ce yarinya ta koma gidan uba, amma ya rubuta a takarda: uwa za ta zo ganin ɗiyarta Lahadi biyu a wata, kuma hutun lakol, wato makaranta, a wurinta za ta yi shi. Mutumin nan ya sa hannu yana murmushi. A ganinshi ya ci nasara.

Ya 'yan uwa, kada ku zaci bai son ɗiyarshi. Yana son ta. Ya saya mata jakar lakol, ya saya mata tunkiya tata ta kanta, yakan ɗora ta gaban moto, wato babur, ya zaga gari da ita. Abin da bai iya jurewa ba ɗaya ne: ya ga tana son wani ba shi ba.

Ran Lahadi tun da safe Marwa ba ta cin abinci. Tana bakin zaure. Da ta ji ƙarar moton kabu-kabu sai ta kwasa da gudu ta faɗa jikin uwarta. Shi kuwa yana zaune gaban butar shayi yana kallo, zuciyarshi na tafasa fiye da butar. Yakan ce a ranshi: ni ke ciyar da ita, ni ke tufatar da ita, yaushe ta taɓa yi mini wannan gudu?

Zuhura takan zauna gindin itacen bedi ta yi wa yarinya kitso, suna hira ƙasa-ƙasa suna dariya. Dariyar nan ita ke kashe shi. Da uwar ta tafi sai ya sa a tsefe kitson, wai ya yi tsauri. Ƙuli-ƙulin da ta kawo ya zuba wa awaki. Wata rana Marwa ta ce mijin mamanta ya aiko mata da kaye, wato littafin rubutu, da biki, wato biro. Da yamma aka ga kayen a murhu.

Uwarshi, tsohuwa Biba, ta kira shi ɗaki ta ce, "Ɗan nan, ba a kishi da uwa. Kai ma da ka faɗi a kan jaki kana yaro, ba ubanka ka kira ba." Ya ce ya ji. Bai ji ba.

Sai ya ƙirƙiro wasa. Ya gaya wa Marwa ran Lahadi za su riƙa wasan ɓuya, in ta ji kabu-kabu ta ɓuya, in ba a gano ta ba zai saya mata biskit. Yarinya ce, ta ɗauka wasa ne da mamanta a ciki. Ranar farko ta ɓuya bayan rumbu. Ya ce wa Zuhura yarinya ta bi gwaggonta unguwa. Zuhura ba ta kai bakin hanya ba Marwa ta fito tana dariya, tana cewa ga ta nan. Lahadin da ta biyo ya kai ta gidan maƙwabta, yaran gidan suka tona. Kowane karo kunya na kama shi, kunyar kuma na komawa kishi.

To, ranar da zan ba ku labari, da sauran zafin bayan kaka. Kwana biyu ke nan da ya zuba bom a magaza ya toshe. Ya san abin da bom ke yi. Shi da bakinshi yake hana yara wasa a bakin ƙofar. Amma da ya ji ƙarar kabu-kabu daga nesa, ya duba gidan duka, bai ga inda Zuhura ba za ta leƙa ba sai nan. Ya ce a ranshi minti biyar ne. Ya buɗe, ya ce wa Marwa ta shiga ta zauna kan buhu, kada ta yi magana, ko tari kada ta yi. Ya mayar da kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu.

Zuhura ta yi sallama. Ya ce Marwa ta tafi garin Sarkin Hausa suna, sai jibi.

Da ta juya, da wataƙila ban rubuta wannan ba. Amma ta gaji. Ta shimfiɗa mayafinta gindin bedi, ta fito da takardar alƙali ta ɗora a cinya, ta ce yau ranarta ce, za ta zauna har la'asar ko da babu kowa.

Ya 'yan uwa, a nan nake so ku tsaya. Mabuɗi na aljihunshi. Tsakaninshi da ƙofar taku goma ne. Me ya hana shi tashi? In ya buɗe, an gane ƙaryarshi. In ya buɗe, zai sake ganin gudun nan da bai son gani. Sai ya zauna ya ɗora shayi. Ya zuba na farko. Ya ce a ranshi yanzu Zuhura za ta tashi. Ya ɗora na biyu. Yarinya kuwa tana ciki tana cika umarnin ubanta, tana danne tari da hannu.

Uwa ba ta zama da ido a rufe. Zuhura ta ɗaga kai ta ga takalman roba jajaye, ƙanana, an jera su tsaf a bakin magaza. Ita ta koya wa ɗiyarta ba a shiga ɗaki da takalmi.

Ba ta tambaye shi mabuɗi ba. Ta ɗauki taɓarya. Kafin ya miƙe ta fasa kwaɗon, warin ya bugo har tsakar gida. Marwa na kwance tsakanin buhuna, ta yi amai, idonta a juye. Mai kabu-kabun da ya kawo Zuhura shi ya kwashe su zuwa likita a Kona, daga can aka wuce da su Tasawa.

Allah ya yi da sauran kwana. Marwa ta tashi bayan kwana tara, sai dai har yau ƙirjinta bai koma daidai ba, in ta yi gudu kaɗan sai ta tsaya ta dafa bango.

Jandarmomi suka zo suka tafi da shi. Ya yi zaman kaso. Waken ya lalace a buɗaɗɗiyar magaza, wanda ya rage kuma ba mai saya, don mata sun ce ba su dafa waken da aka kulle yarinya da shi. Tsohuwa Biba ta bar mishi gidan. Da ya fito, alƙali ya karɓi takardar farko ya rubuta sabuwa: yarinya na wurin uwarta, uba zai zo ganinta Lahadi biyu a wata, a gaban mutane.

Mutane suka ce wa Zuhura ta hana shi. Ta ce a'a, ta san ɗacin tsayuwa a ƙofar gida ana ce maka ɗanka ba ya nan, ba za ta shayar da kowa shi ba.

Yana zuwa. Yakan zo da biskit. Zuhura takan shimfiɗa mishi tabarma a zaure ta shiga kiran yarinya. Amma da Marwa ta ji ƙarar motonshi sai ta shige ƙarƙashin gado ta toshe baki da hannu. Ba wanda ya sa ta. Rannan uwar ta durƙusa tana lallashi, ta ce fito, babanki ne. Yarinyar ta ce, "Mama, ai shi ya ce in na ji moto in ɓuya." Yana zaure ya ji. Ya ajiye biskit ɗin ya tafi. Lahadin da ta biyo ya dawo, haka aka sake yi.

Ya 'yan uwa, malamanmu sun gaya mana wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyanshi ranar gobe. Wannan tun a duniya aka fara mishi. Ɗa ba gona ba ne da za a kafa mishi iyaka. Son da yake yi wa uwarshi ba daga rabonka aka ɗebo ba.

Kuma ban ware mu mata ba. Ke da ɗa ke hannunki, kike cewa yana barci duk ranar da ubanshi ya zo, ita ma magaza ce kika kulle. In aure ya mutu, ku sa a rubuta ranar ziyara, ku cika ta. In an hana ki, je wurin mai gari, in bai yiwu ba ki koma jastis da takardarki. Kada ki ja da kowa a gaban yaro. In kin je, ki duba ko'ina, har ƙasa. Bom kuma, ko da zaman lafiya, ku nesanta yara daga ɗakin da aka zuba shi.

Allah ya kiyaye mu da kishin da ke makantar da iyaye. Allah ya ba Marwa lafiyar ƙirjinta. Shi kuma Allah ya karɓi tubanshi, ya nuna mishi ranar da za ta fito. Amin.