Ƙofar da Jatau Ya Buɗe

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau sai na ga mai adalci a cikinku.

A zamanin da ake ɗaukar hoto baƙi da fari, 'yan'uwa uku suka gaji shagon hoton mahaifinsu a Gusau: Sallau, Jatau da ƙanwarsu Kulu. Wata shekara masu hoto na Kaduna suka sa gasa, wanda ya ci zai samu sabuwar kyamara da gurbin koyon aiki na shekara guda. Mutum ɗaya za a ɗauka, kuma kowannensu yana son gurbin nan kamar ransa.

Sallau shi ne mai ido. Ya ɗauki kyamara da fim ɗaya tak da ya rage musu, ya tafi ƙauyen gwaggonsu lokacin kaka. Kwana uku yana zaune a masussuka bai danna ba, har mata suka fara ce masa mai gadin ƙaiƙayi. Sai da gwaggo ta ɗaga ƙwarya sama tana shiƙar gero, iska ta kwashi ƙaiƙayi, sannan ya danna sau ɗaya.

Kulu ita ce mai wanki. Ku da ba ku sani ba, fim ba ya son haske ko kaɗan, a ɗaki mai duhu ake jiƙa shi cikin ruwan magani har hoto ya fito. A gidansu akwai ƙa'ida tun daga mahaifinsu: in ana wanki, sai a rataya jar hularsa a ƙusar ƙofa. To ranar Sallau, don zumuɗi, ya ɗora hular a kansa ya fita sayen shayi.

Jatau ya dawo da bokitin ruwa, ya duba ƙusa babu hula, ya tura ƙofa. Hasken zaure ya faɗa kan fim ɗin yana tsakiyar wanki. Kafin Kulu ta gama salati ya ja ƙofar ya rufe. Da ya ƙara numfashi ɗaya, da komai ya ƙone ƙurmus.

Sallau ya shigo ya ji labari, ya ce ta bayan ƙofa, "Zubar da shi, Kulu. Ya mutu."

Ta ce, "Yaya, ban taɓa fid da fim wankinsa bai cika ba, ba kuma zan fara yau ba." Ta ci gaba da kaɗa shi a duhu tana ƙirga har lokaci ya cika.

Da aka buga shi a takarda, jama'a, ni da idona na gani, kuma har yau tsikar jikina na tashi. Sararin sama da yake fari ya koma baƙi. Wani siririn layin haske ya zagaye gwaggo tun daga ɗankwali har ƙwarya, kamar an bi ta da zaren azurfa. Ƙaiƙayin nan kuwa sai walƙiya yake a iska. Unguwa ta cika shagon maƙil, gwaggo da kanta da aka kai mata ta ce ita ba ta san wannan matar ba.

Aka aika hoton Kaduna da sunan shago, ya kuwa ci gasar. Wasiƙa ta iso, an bar layi ɗaya a ƙasa a rubuta sunan mai hoton.

Sallau ya ce idonsa ne da haƙurinsa. Kulu ta ce da ta bi maganarsa, da hoton yana kwata, kuma wa ya ɗauke hular? Jatau, da aka yi kwana biyu ana harararsa, ya ce a hankali, "Hotunan masu shiƙa nawa aka aika Kaduna? Hasken da na shigar shi suka zaɓa."

Biro na kan tebur, motar Kaduna gobe za ta tashi. To ku faɗa mini, sunan wa za a rubuta?