Bakwainin da Aka Haifa a Tanti

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan. Labarin yau hukunci yake nema. Idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai, ni kuwa sai in koma sauraro.

A Gombe an yi wani malamin makaranta, Malam Yahuza, mai koyar da labarin ƙasa. Tun suna amarci ya yi wa matarsa Rumasa'u alkawarin zai kai ta babban gandun dajin nan na wajen tsaunukan gabas, ta ga dabbobin da yake zana wa ɗalibai a allo, su kafa tanti a bakin rafi su kwana. Shekaru suka yi ta wucewa, tafiya ba ta yiwu ba, haihuwa ma ba ta zo ba. Da Allah ya kawo ciki bayan dogon jira, Rumasa'u ta ce a tafi yanzu, in ba haka ba sai yaro ya yi wayo. Aka duba ta a asibiti, aka ce da sauran lokaci sosai. Yahuza ya ari wata tsohuwar jif, ya ɗaure tanti da tabarmi da tukwane a samanta.

Mata uku suka bi su. Akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Yahuza, gajeriyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ita ba sha'awar daji take ba, cewa ta yi ba za a kai mai ciki jeji babu babba a wurin ba. Akwai Sahura, yayar Rumasa'u, wadda ta zo ziyara daga Azare. Sai Hansatu, ƙanwar Yahuza, 'yar jami'a da ke hutu.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi. Wani jami'in gandun ya raka su a kan babur har sansanin da ake kafa tanti. Kafin a kai wurin sai an haye wani rafi ta kan shimfiɗar siminti da aka yi a ƙasansa, faɗinta kaɗan ya fi na mota. Ruwan a ranar iyakarsa idon sawu. Jami'in ya ce zai dawo da hantsi ya zagaya da su. Yammar nan birai suka sace musu burodi da kilishi, tantin kuma ya yi ta rushewa a kan Yahuza kafin ya tsaya. Suka yi dariya, suka dafa taliya da manja, suka kwanta.

Gari ya waye ba a yi ruwa a sansaninsu ba, amma an kwana ana yinsa a kan tsaunuka. Rafin ya cika ya yi ja, simintin ya ɓace a ƙarƙashinsa. Jami'in bai zo ba, waya kuma babu sabis. Yahuza ya duba mota ya tarar ƙaya ta sace iskar tayar baya. Ya kafa jak a kan ƙasa mai danshi, ya cire tayar, yana zaune ƙafarsa a miƙe ƙarƙashin motar sai jak ya nutse ya goce. Motar ta sauka a kan ƙaurinsa. Matan suka tara duwatsu, suka sa gungume suka ɗaga, suka ja shi waje. Ƙashin ya karye. Rumasa'u da ke tsaye tana kallo ta dafe cikinta, ta durƙusa. Faya ta fashe, aka shigar da ita tanti.

To, ku saurari abin da kowace ta yi.

Gwaggo ta miƙa wa Sahura hannayenta biyu suna makyarkyata. Ta ce, “Hannun nan ba zai riƙe jariri ba, idona kuma bai gani sosai. Ke za ki shiga.” Ita kuwa Sahura 'ya'yanta duka a wurin haihuwa ta rasa su, tun daga nan ko barka ba ta iya zuwa, sai dai ta aika. Ta tsaya a bakin tantin, sannan ta wanke hannu da ruwan zafi ta shiga. Naƙuda ba ta daɗe ba. Da kan ya fito ta ga cibiya ta naɗe wuya, ta sa yatsa a hankali ta zare ta. Yarinya ce, bakwaini, tsawonta bai wuce na takalmin babba ba, kuma ba ta motsi. Sahura ta share mata baki, ta murza bayanta, ta sa bakinta a kan hanci da bakin jaririyar tana hura mata iska kaɗan-kaɗan. Shiru. Rumasa'u ta juya fuska ta ce, “Yaya, bar ta. Ta koma.” Sahura ta ce, “Nawa na bari. Wannan ba zan bari ba.” Ta ci gaba da hurawa har muƙamuƙinta ya gaji, sai aka ji wani ɗan kuka siriri kamar na kyanwa. Ta zare zare daga bakin zaninta ta ɗaure cibiya, ta yanke da rezar da aka tafasa, ta cusa yarinyar cikin rigarta fata da fata. Amma jinin Rumasa'u ya ƙi tsayawa, leɓenta ya fara fari.

A waje kuwa, tun kafin a ji kukan, Hansatu ta riga ta koma kan motar da ta karya yayanta. Ta nemo faffaɗan dutse ta ɗora jak a kai, ta zauna daidai inda ya zauna, ta ɗaga motar. Tayar safaya ta fi ƙarfinta, sai da ta sa gwiwa da kafaɗa, farcenta ya fita, kafin ta shige. Ta taka sifana da ƙafa ta ɗaure notuna. Tuƙin da ta iya kuwa, a filin ƙwallon makaranta Yahuza ya koya mata, ba ta taɓa hawa titi ba. Aka kwantar da Yahuza can baya cikin motar, an ɗaure masa ƙafa da sanduna, yana suma yana farfaɗowa. Ya ce, “Hansatu, ba za ki iya da ruwan nan ba.” Ta ce, “Yaya, faɗa mini abin da zan yi kawai.” Ya ce ta sa giya ta ɗaya, kada ta ɗaga ƙafa daga totur, domin in injin ya mutu a tsakiyar ruwa ba zai sake tashi ba. Aka shimfiɗa Rumasa'u a kujerar tsakiya, Sahura ta zauna kusa da ita, hannu ɗaya na danne marar ƙanwarta, ɗaya na tallafe jaririya. Hansatu ta yi bisimilla ta murɗa makulli.

A bakin rafin suka tsaya, don babu wanda ya san inda simintin yake. In taya ɗaya ta kauce, motar za ta kife cikin zurfi da su duka. Gwaggo ta leƙa baya ta ga zanin Rumasa'u ya jiƙe, ta buɗe ƙofa ta sauka. Ta ɗauko igiyar tanti ta ɗaura a ƙugunta, ta miƙa wa Hansatu ɗayan bakin ta ce ta ƙulla a ƙarfen gaban mota. Hansatu ta ce, “Gwaggo, ba ki iya ruwa ba.” Ta ce, “Ke tuƙi, waccan jariri, wancan ƙafa. Wa ya rage? Ɗaura.” Ta riƙe sandar tanti ta shiga. Tana soka sandar hagu da dama, in ta ji tauri ta taka, in ta ji zurfi ta kauce. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu, yana turo ta gefe. Jiya da yamma sun ga kadoji na shan rana a kan rairayin ƙasa da mashigin, kuma ba ta manta ba.

Hansatu na biye da ita da motar. In ta ƙara wuta ta take Gwaggo, in ta rage injin ya mutu. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya rufe mata sawu, ƙafarta ta hagu na kan kuloci. A tsakiyar rafin wani reshe da ruwa ya kwaso ya doki Gwaggo, ta nutse, ɗankwalinta ya tafi. Hansatu ba ta saki totur ba, ba ta kuma matsa gaba ba, ta riƙe motar a wuri ɗaya injin na kuka. Igiyar ta miƙe, sai ga kan Gwaggo ya fito, furfura a waje, sandar na hannunta. Ta tofar da ruwa, ta laluba ta sake samun bakin simintin, ta ɗaga hannu ta yafito motar. Haka suka haye.

Can gaba suka haɗu da jami'in, ashe shi ma ruwa ne ya tare shi a wani mashigin. Ya juya babur ya shige gaba, Hansatu ta bi shi ta laka da duwatsu har asibitin garin da ya fi kusa. Da suka isa sai da aka ɓamɓare yatsunta daga sitiyari. Sahura ba ta yarda ta fito da jaririyar daga rigarta ba sai da ta ga kwalbar ɗumama bakwaini da za a sa ta. An ƙara wa Rumasa'u jini, an ɗora ƙafar Yahuza, Gwaggo ta kwanta da ciwon ƙirji ta tashi da ƙyar. Babu wanda aka rasa.

Da ranar suna ta matso, Rumasa'u ta ce wa mijinta, “Malam, yarinyar nan sunan ɗaya daga cikin su ukun nan za ta ci.” Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan, sai dai bai san wace ba. Dangi suka taru a farfajiyar asibiti. Wasu suka ce Sahura, don in ba ita ba babu ma yarinyar da za a raɗa wa suna, ga shi ba ta da ɗa ko ɗaya. Wasu suka ce Gwaggo, don ita ce ta sa ranta a bakin ruwa da kada, kuma duk tsufanta ba a taɓa yi mata takwara ba. Wasu suka ce Hansatu, don numfashin da Sahura ta hura da hanyar da Gwaggo ta laluba duk banza ne in motar ba ta tashi ba, ko ta mutu a tsakiyar rafi, kuma ƙuruciyarta ba dalilin tsallake ta ba ce. Aka tambayi matan uku. Gwaggo ta ce ita ba don suna ta shiga ruwa ba. Hansatu ta sunkuyar da kai. Sahura ta kalli ɗakin da jaririyar take.

Kada wani cikinku ya ce mini a haɗa sunayen uku, an kawo wannan shawarar, Yahuza ya ce suna ɗaya liman zai sanar. Kada kuma ku ce a jira wata haihuwar, don likita ya gaya wa Rumasa'u da wuya ta sake ɗaukar ciki. Rago na ɗaure, liman na jira, yarinya ɗaya ce.

To, ku da kuka ji komai, tsakanin Sahura da Hansatu da Gwaggo Tabawa, wace ce ta fi cancanta a sa wa yarinyar nan sunanta?