Abin da Ya Kori Hakimi

Kun taɓa jin an sa mutum ya kwashe magana daga kunnuwan gari guda? To, aikin da Hakimin Kwarin Gauta ya ɗora wa Yalwa mai kitso ke nan, da labari ya bazu wai wani abu mai fiffike ya fafare shi har ya haye rumbu.

"A zaurenki aka ƙaga ƙaryar nan," in ji Hakimi a gaban fadawa. "Ki kwashe ta daga kunnen kowa kafin ranar kasuwa, ko ki bar mini gari."

Yalwa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ƙaryar kaɗai zan kwasa, ko har da gaskiya?"

"Ƙaryar kaɗai mana!"

"To a taimaka mini da tancewa, don duk kan da na kama da irin nasa labarin. Matan Unguwar Rimi sun ce agwagwa ce. Na bakin kasuwa sun ce kaza. Amaryar liman kuwa ta rantse ɗan tsako ne."

Hakimi ya zabura. "Ɗan tsako? Ni? Talo-talo ne, ƙato, ya kusa kai ɗan maraƙi!"



"Allah ya ja zamaninka, ai ka gama mini aikin," in ji Yalwa. "Ƙarya ta fita. Gaskiyar da ta saura kuwa daga bakinka ta fito."

Har yau Yalwa na kitsonta a garin. Don Allah in za ku ba wani labarin nan, ku ce talo-talo ne, kada ku jawo mata sabon aiki.