Jatau da Zanen da Ba Ya Zuba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ku bar tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani marini ne wai shi Jatau. Ramin rini ɗaya gare shi a karofi, gadon ubansa, da shi yake ci da iyalinsa. Gwani ne, amma fa akwai shi da zargi. Ko gaishe shi ka yi, sai ya tsaya tunanin wa ya aiko ka.

A garin nan duk zanen da aka rina zuba yake yi, shuni ya ɓata wa mutum jiki. Sai Jatau ya ce a ransa ai kowa ya gaji da wannan. Bai tambayi kowa ba. Ya yi ta gwaji a ɓoye, yana sauya toka, yana ɗauraya a rafi, har ya samu zanen da ba ya zuba.

Ran kasuwa ya shimfiɗa kaya. Wani manomi ya zo, ya murza zane da yatsa kamar yadda aka saba, ya ga yatsa fes. Ya ce, "Malam, ina shunin?"

"Yana ciki, ba ya fita."

"Abin da ba ya fita ai babu shi." Sai ya wuce.

Kasuwa ta biyu wani falke ya lashi yatsa ya murza. Ya ce, "Wane siddabaru ka yi masa? Ba zan kai wa mutane abin da ban gane ba." Ya wuce.

Kasuwa ta uku wani Buzu ya sauko daga raƙumi, ya ɗauki rawani cikin kayan ya goga a goshinsa. Ya ce, "In bai rina mini fuska ba, wa zai san na naɗa mai tsada?" Shi ma ya wuce.

Jatau ya ce lallai 'yan'uwansa marina ne suka zuga masu saye. Su kuwa cewa suke ya bar rini da baba ya koma algus, yana ɓata musu suna. Sai Sarkin Karofi ya kira shi ya ce, "Kasuwa mai zuwa, in ba ka sayar da ko ɗaya ba, ramin nan ya bar hannunka."

Hankalin Jatau ya tashi. Yana zaune ya yi tagumi sai ga yayarsa Tasalla mai fura. Ta ɗaga zane ta murza, ta ga bai zuba ba, ta ce, "Kai, ina ka ɓoye wannan? Matan gari kullum kuka suke, majanyi na rina wa jarirai kumatu. Ba ni biyu in shiga da su gidaje."

Ya kalle ta a karkace. "Yaya, mijinki ba marini ba ne? Shi ya turo ki ki kai masa sirrina?"

"Allah ya shirye ka, Jatau." Ta tafi ranta a ɓace. Amma ɗan'uwa ne, ba ta iya yin shiru ba. Duk gidan da ta kai fura sai ta ba da labarin zanen.

Shi kuwa gogan naku, tsoro ya cika shi. Ya ce tunda zuba suke so, za su samu. Ya ɗebo garin shuni ya barbaɗe zannuwan nan kaf, ya sa aka buge su.

Ran kasuwa maza suka zagaye shi, sun riga sun yanke cewa kayansa ba na gaskiya ba ne. Can sai ga tsofaffi da dillalai sun yi ayari, matan gidaje sun aiko su, Tasalla na gaba. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ina majanyin da ba ya zuba? Goma aka ce in kawo."

Jatau ya miƙa mata ɗaya. Tsohuwa ta murza zane. Yatsa ya yi baƙi ƙirin. Ta nuna wa Tasalla ta ce, "Don wannan kika taso mu a rana?"

Suka watse, ko ƙyalle ba a saya ba. Da la'asar Sarkin Karofi ya ƙwace ramin ya ba wani marini. Jatau yana tsaye yana kallo aka zuba sabon baba a ramin ubansa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Ku dai in kun ƙirƙiro abu, ku tambayi wanda zai yi amfani da shi, kuma ku saurari mai ba ku shawara kafin ku zarge shi.